Yajin Uzairu Mai Layi

A Nasarawa Gwom in ka ce Uzairu sai an tambaye ka wanne, don uku gare mu. Amma in ka ce wanda ya sa Sista layi, ba sai ka ƙara komai ba, za a nuna maka gidan.

Abin ya faru wata Litinin, ranar awon masu juna biyu a ƙaramin asibitin unguwarmu. An yi wa asibitin canjin shugaba. Kowa ya ji za a kawo wata Sista Fadeke, ba dai wanda ya taɓa ganinta. Wajen ƙarfe bakwai da rabi sai ga wata mata da atamfa da rigar sanyi, jaka a kafaɗa, ta nufi ƙofar ciki kai tsaye. Uzairu ya gitta mata sandarsa.

"Madam. Lamba."

"Ni ce sabuwar Sista," in ji ta.

"To," in ji Uzairu. Ya zaro murfin kwalba ɗaya daga igiyar da ke wuyansa, ya miƙa mata. "Ranar Juma'a ma mun yi... ƙanwar likita. Guda uku. Talatin da bakwai."

Matar ta dubi murfin, ta dubi mata sun jeru a benci ba mai ture wata, sai kawai ta nemi wuri ta zauna. Daga baya ta ce asibiti huɗu ta yi aiki ba ta taɓa ganin layi irin wannan ba, shi ya sa ta so ta ga iya gudun ruwansa. Ta fi rabin awa a zaune, mata suna ta mitar sabuwar Sista da ta makara tun ranar farko. Wadda ke kusa da ita ta ce ai daga ji ba za ta yi kirki ba, Sista ta ce ita ma haka take gani. Sai da wata ma'aikaciya ta fito tsakar fili ta buga waya, wayar ta yi ƙara a benci na uku, sannan asiri ya tonu. Matar nan mai mita ta ja mayafi ta rufe fuska. Shi kuwa Uzairu ko a jikinsa. Sista na shirin shiga ya sake gitta sanda.

"Sista. Murfin."

Shagon ɗinkina yana kallon ƙofar asibitin, kuma na san Uzairu tun yana kafinta mai buga kwano, lokacin da yake tafiya a kan rufin gida kamar a tsakar ɗaki. Shekara tara ke nan da ya faɗo daga wani bene wajen Tina Junction. Ƙanƙara ce ta sauko ba zato, irin ta farkon daminarmu, kwano ya yi santsi. Kwana tara bai san inda yake ba. Da ya farfaɗo, hannun hagu ya ƙi ɗaguwa, ƙafar ma sai ya ja ta, magana kuma sai ya tsaya ya lalubo ta. Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne fuska. Idonsa garau yake gani, amma fuskar mutum ba ta zama a kansa. Matarsa Rahma da murya yake gane ta. Ni kuma da tarina, wai.

Shekarar farko a ɗaki ya yi ta, yana kallon bango. A ta biyu ne Rahma ta dinga janyo shi asibiti ana gasa masa ƙafa. Nan ya ga yadda ake turereniya a bakin ƙofa, mai ƙarfi ya shiga, mai goyo ta koma baya. Wata safiya sai ga shi da murafen kwalbar lemo sittin, ya huda kowanne da ƙusa, ya rubuta lamba da ragowar fentinsa, ya zura su a igiya bi da bi. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya hana shi. In ka zo ya zare na sama ya ba ka, in za ka shiga ka maido, ya zura ta ɗaya bakin. Da hannu ɗaya yake yi, yana riƙe igiyar da haƙori. Bai buƙatar tuna komai, igiya ce ke tunawa.

Aikin nan shi ya zame masa kalanda. Litinin awo, Laraba allurar yara, Alhamis masu hawan jini da suga. Don shi yake tashi, don shi yake aske gemu, don shi yake taka ƙafar nan ya je ya dawo. Shekara bakwai ba wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar nan sai shi.

Sai Ticha Pwajok ya zo.

Hedimasta ne mai ritaya, daga wajen Anguwan Rukuba, shekara talatin da biyar yana riƙe da alli. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse, gida ya yi masa faɗi. Wata Alhamis ya zo awon jini, ya tarar da Uzairu zaune a dakali ya dafe kai, don ciwon kai yakan taso masa in rana ta take. Ticha ya karɓi igiya ya riƙe masa har ya lafa. Sista ta ga haka, ta ce ai mutane sun yi yawa yanzu, hannu biyu ya fi. Uzairu ma ya yi murna. Ya zo shagona ya ce an ba shi mataimaki. Har da cewa zai koya masa aikin a hankali, don tsoho ne.

Murnar ba ta yi sati biyu ba.

Ticha dai ba ya da wani aibu, abin haushin ke nan. Ba ya makara. Yana jin Birom, yana jin Turanci, yana yi wa matan Ibo Turancin buroka, Hausarsa kuwa irin tamu ta kan titi, wadda mace da namiji duk ɗaya ne. Kuma ya san kowa. Mace za ta shigo da goyo, ya ce mata, "Ke ba yaron Badung ba ne, mai gyaran rediyo? Ubanka ya sha bulala a hannuna." Sai dariya, sai gaisuwa, sai a miƙa masa jariri ya ɗauka. Uzairu yana tsaye a gefe da igiyarsa. Matan da ya shekara bakwai yana ba su lamba, bai san fuskar ko ɗaya ba, ga wani ya zo jiya har ya san sunan kakanninsu.

Sai ya fara ƙirga gaisuwa. Ba da wasa nake ba. Zai zo shagona da azahar ya ce yau an gaida Ticha sau kaza, shi kuma sau kaza. Lissafin yakan ɓace masa kafin ya tsallako titi, amma haushin yana isowa lafiya lau. Rahma ta ce ita abin yana ba ta mamaki. Mutumin da ke neman hularsa tana kansa, shi ne bai manta ba cewa ranar Talatar makon jiya wata ta kawo wa Ticha dafaffiyar masara.

"Ai ya raba da kai, Baban Musaddiq," in ji ta.

"Ya raba. Amma shi aka... kawo wa."

Akwai kuma wani abu da bai faɗa wa kowa ba, mu ne muka lura. Uzairu in zai yi sanarwa sai an jira shi. Zai ɗaga sanda ya ce, "Masu... masu..." matan unguwa sun saba, sai su yi shiru har kalmar ta iso. Ticha kuwa tsohon malami ne, bai iya ganin mutum yana neman kalma ya ƙyale shi ba. Kafin Uzairu ya kai ƙarshe sai ka ji, "Masu allura su koma hagu, masu awo dama." Daidai abin da Uzairu zai ce, ba kuskure ko ɗaya. Uzairu sai ya sauke sanda, ya rufe baki.

Abin da ya fasa ƙwai shi ne kati. Wata Laraba Ticha ya zo da kwali yankakke tsaf, guda ɗari, kowanne da lamba cikin rubutun hedimasta, an lulluɓe da salatif don kada ruwa ya taɓa. Ya ce ya ga fentin murafen ya fara gogewa, kuma jarirai suna kai su baki. Gaskiya ya faɗa. Sista Fadeke ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta ce, "Kai, sun yi kyau."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Uzairu ya tsaya har aka tashi, ya tattara murafensa ya ƙirga, ya rataya, ya tafi gida. Washegari bai fito ba.

Shirinsa ba ɓoyayye ba ne. Kwana biyu, uku, layi zai rikice, a yi dambe, Sista ta zo da kanta ta ba da haƙuri. Ya sa aka fitar masa da kujera kusa da ƙofar gida don kada masu biko su sha wahalar sallama. Ranar farko ya ce wa Rahma in za ta kai niƙa ta bi ta gaban asibiti. Injin niƙa yana gabas, asibiti yana yamma. Ta bi.

"Yaya?" in ji shi.

"Lafiya lau."

"Ba hayaniya?"

"Ko kaɗan. Har waƙa yake koya wa yara."

Da yamma ya aiko a kira ni, wai mata ba su iya lura ba. Na so in yi masa ƙarya, Allah ya sani, sai dai shagona a buɗe yake, kowa zai ƙaryata ni. Na ce layi yana tafiya. Ya ce ai satin farko ne.

Sista ta zo, ba ta ƙi zuwa ba. Amma da ya ji muryarta a zaure ya ja bargo ya rufe kai, don ta zo ne tana tambayar ko ba shi da lafiya, ba ta zo tana kuka layi ya lalace ba. Ta ajiye masa lemo ta tafi.

A sati na biyu dariyar ta fara fita daga abin. Kujera ta koma ɗaki. Gemu ya tsiro. Ya tambayi Rahma yau wace rana sau huɗu kafin hantsi, daga baya ya daina tambaya. Ƙafar da ba a taka ta sai ta sandare, har zuwa masallaci ya koma sai an riƙe shi. Maganar ma ta ragu, daga i sai a'a. Rahma ta tsaya a bakin shagona da kwanon masarta a kai, ba ta ko zauna ba.

"Malam, shekarar farko ce ke dawowa. Ni na san ta. Na ce ya koma, ya ce ba a nemansa. Na ce ya je ko kallo ne, ya ce ya je ya kalli wa?"

Na dai ce a ƙara haƙuri, irin maganar da mutum ke yi in ba shi da dabara.

Ashe a can ma tukunya ta fara tafasa. Ticha ya koyar da rabin garin nan, ɗaya rabin kuma ko cocinsu ɗaya ko akwai surukuta. Wata za ta matso ta ce, "Baba, don Allah, na bar wake a wuta." Wani ya ce, "Ticha, oga na jirana a gareji." Ticha kuma ido gare shi mai kunya. Da farko ya dinga ɓoye ƙananan lambobi a aljihu. Da suka ƙare sai ya koma hanyar da ya sani, ya fara raba lamba kamar aji: bakwai A, bakwai B. Na ga ranar da aka kai bakwai F. Mai lamba takwas, wata tsohuwa da ta zo tun da sanyin safiya, ta tambaya ko ita sai zango na gaba.

Daga nan magana ta canza launi. Matan Hausawa suka fara cewa 'yan cocinsa yake shigarwa. Matan coci suka ce ai Hausawa yake fifitawa don kada a zarge shi. Duka biyun suna da hujja, don kowa yake shigarwa. A Jos kuwa irin wannan magana ba a barinta ta yi kwana biyu a bakin mutane. Sista ta kira shi ofis. Ban san me suka ce ba, na dai ga ya fito ya cire tabarau yana gogewa.

Ranar Asabar da hantsi ya tsaya a shagona ya ce in raka shi gidan Uzairu. Muka tarar da shi a kan tabarma, igiyar murafe a rataye a ƙusa bisa kansa. Ticha ya yi sallama.

"Waye?" in ji Uzairu. Muryar nan ko cikin barci ya ji ta ya san ta.

"Ni ne, Oga Uzairu. Pwajok."

"Wane Pwajok?"

"Wanda ka sani. Mai kati."

Rahma ta shimfiɗa mana tabarma, ta tsaya a bakin ƙofa. Ticha ya zauna da ƙyar, gwiwa na ƙara. Ya gaida jiki, ya gaida gida, sannan ya zaro katunan daga jaka ya ajiye a gaban Uzairu.

"Oga, aikin nan ya fi ƙarfina. Mace ya zo, ni na koya masa karatu, ni na je bikinsa, ya ce Baba taimake ni. Zan ce masa me? Jiya ƙanwar matata ya zo. In na hana shi, Kirsimeti ba zan ci abinci a gidansu ba. Kai ba ruwanka. Kai ko gwamna ne, lamba."

Uzairu ya kalli katunan. Na ga gefen bakinsa yana so ya motsa, ya hana shi.

"An ce... har waƙa kake koyarwa."

"Waƙa ba ya gyara layi."

"An ce sun yi kyau. Katin."

"Sun yi kyau mana. Ni ne ban yi kyau ba."

Uzairu ya gyara zama. Ya ɗaga hannun dama kamar yadda yake ɗaga sanda. "Kana... kana..."

Ticha ya buɗe baki. Na ga kalmar ta zo masa har leɓe. Rahma ta yi gyaran murya daga bakin ƙofa, sai ya dube ta, ya haɗiye. Muka jira. Kaza ta shigo ta leƙa ta fita. Ticha ya damƙe gwiwarsa da hannu biyu kamar mai jiran allura.

"Kana cinye mini magana," in ji Uzairu.

Ticha ya saki gwiwarsa. "Ni na ɗauka taimako nake."

"Ina da ita. Tana dai... tafe. A ƙafa take zuwa."

"To. Daga yau zan jira shi."

Aka yi sharaɗi. Ƙofa ta Uzairu ce, da igiya. Ticha ya koma ciki, ya yi tafinta, ya bayyana wa tsofaffi yadda za su sha magani, ya riƙe jarirai in ana allura. In ciwon kai ya taso zai karɓi igiya, amma ba A ba B. Murafe kuma za a sake musu fenti, a daina ba mai goyo a hannu, a ɗaura mata a bakin zane. Uzairu ya ce wannan dama yana da niyya. Har mun miƙe ya ce akwai saura.

"Gaisuwa fa?"

"Wace gaisuwa, Oga?"

"Taka ta fi yawa."

Ticha ya dube ni, na dubi rufi. Ya ce wannan ba a hannunsa take ba, amma zai rage amsawa.

Ranar Litinin ƙarfe bakwai saura na ji ƙarar sanda a kan titi. Tafiyar da yake yi a minti goma ta ɗauke shi kusan rabin awa, Rahma tana binsa a baya tana yi kamar wani wuri za ta. An aske gemu. Wadda ta fara gwada sa'arta surukarsa ce, uwar Rahma, ta zo karɓar maganin ƙafa. Ta tsaya a gabansa ba ta yi magana ba, ya ba ta ashirin da biyu. Ta ce, "Uzairu, ni ce fa." Ya durƙusa iya yadda ƙafa ta bari, ya gaishe ta da ladabi, ya tambayi mutanen gida, ya nuna mata benci. Zancen coci da masallaci bai kai Laraba ba. Ba mai iya cewa Uzairu ya duba fuska.

Ƙafar ta saki cikin wata guda. Maganar ma ta dawo, har ta fi da, don yanzu in ya ɗaga sanda ya ce "Masu...", za ka hango Ticha daga ciki ya toshe bakinsa da kati.

Kada dai a ce kishin ya warke. Yana nan da ransa, yana cin abinci. Watan jiya 'yar Ticha da ke Abuja ta aiko masa da wata riga marar hannu, koriya shar mai ɗaukar ido, irin ta masu aikin titi, har da layin azurfa a ƙirji. Ticha ya saka ta ranar allura, mata suka yi ta yaba shi. A karo na farko tun faɗuwarsa Uzairu ya sami mutumin da yake ganewa tun daga nesa ba sai ya yi magana ba, kuma a duk Jos an rasa wanda zai zama sai Ticha. Da aka tashi aka ga ya shiga ofishin Sista ya rufe ƙofa.

Washegari da safe muna teburin Ibrahim mai shayi, sanyi ya sa kowa ya rungume kofi, sai ga shi zai wuce.

"Mai Layi, zo ka sha," in ji Ibrahim. "An ce jiya ka je wajen Sista kana roƙon riga. Girma ya faɗi. Da ka zo nan, ga tela a zaune, ya ɗinka maka har da aljihu."

Uzairu ya tsaya, ya dogara sanda. Muka jira shi, kamar yadda muka saba.

"Ban roƙi riga ba," in ji shi. "Cewa na yi... a karɓe tasa."